Ya Falmata, Wadda Ta Iya Sauraron Mai Ciki

Shekara tara ke nan da rasuwar Ya Falmata. Ba jininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, ita Musulma ni Kirista. Maƙwabciyata ce a wani gidan haya da ke Gomari, inda ƙarar jirgin sama ke katse wa mutum magana a tsakiya. Duk shekara idan watan nan ya zagayo nakan tuna ta ni kaɗai. Bana na ga ya kamata in rubuta, domin 'yata Saratu tana ɗauke da cikinta na fari, kuma tambayoyin da take min a waya sun mayar da ni tsakar gidan nan.

Na zo Maiduguri ina amarya daga wajen Biu, aka ba ni aji a wata firamare. Mijina Yohanna akawu ne, idan ya fita da safe sai la'asar sakaliya. Ƙofar ɗakinmu tana kallon ta Ya Falmata, dattijuwa ce da mijinta ya daɗe da rasuwa, tana riƙe da kanta da haɗa turaren wuta da humra. Hausarta irin ta tsofaffin Kanuri ce, wani lokaci ta ce min “kai”, ta ce wa Yohanna “ke”, ba ta kuma damu ta gyara ba. Malama take kirana tun ranar farko, ko da yake ta haifi kamata.

Ita ta riga ni sanin ina da ciki. Wata safiya ta ɗora tukunyar turare, sukari ya fara narkewa a jikin itacen, ƙamshin da na saba yabawa ya bugo ni, sai ga ni a bayan gida ina kelaya amai. Washegari ma haka. A rana ta uku ta tare ni a bakin randa ta ce, “Malama, kin yi ɓatan wata ko?” Na tsaya ina lissafi da yatsu, ita kuwa tana dariya.

Daga ranar ba a sake soya turare a gidan ba. Kullum da hantsi takan ɗaure kayanta a baho, ta yafa lafaya, ta hau mota zuwa gidan ƙanwarta a Fezzan, can take aikin ta dawo da yamma. Ta ce min wai murhun can ya fi. Wata uku tana wannan zirga-zirga, ni kuma saboda ƙuruciya na yarda da maganar murhu. Sai da na yi hankali na gane saboda hancina ne.

Laulayin ya zo min da kayansa duka. Tashin zuciya daga asuba, yawu ya cika min baki har na koma yawo da gwangwani mai murfi. Kifin banda da nake so na tsane shi. Barci yana ɗaukata ina tsaye a gaban allo. Da amai ya lafa sai ƙwannafi ya karɓa, ga fitsari ba iyaka, ga ciwon baya, ga mantuwa, har na taɓa zuba gishiri sau biyu a miya ɗaya. Mahaifiyata tana can ƙauye, waya ba ta zama ta kowa ba a lokacin. Duk abin da na ji sai in tsallaka in faɗa wa Ya Falmata. Takan ajiye abin da ke hannunta ta tambaye ni: tun yaushe, ta wane gefe, yana tafiya yana dawowa ko ya zauna. Sai ta gama ji tsaf sannan ta ce, “Wannan na ciki ne.” Ta koya min in ci ɗan abu kafin in sauko daga gado, in riƙa cin kaɗan-kaɗan, kada in kwanta da gama cin abinci. Kunun tsamiyarta ne abin da cikina ya yarda da shi a watannin farko. Ranar da ta kama ni ina tauna farar ƙasa a ɓoye, ta karɓe, ta ce in faɗa wa malamar asibiti, domin wani lokaci jini ne ya yi ƙasa. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ranar awona ba ta wuce ta.

Akwai wanda ban faɗa mata ba sai da ya kusa fin ƙarfina. Kuka nake yi ba dalili. Matan coci suna taya ni murna, ina murmushi, amma a raina babu murnar, sai tsoro da wani nauyi a ƙirji. Yohanna ya ajiye kofi inda ban so ba, na yi masa faɗan da har yau nake jin kunyarsa. Ya tambaye ni me aka yi min, ni kaina ban sani ba, ya ɗauka na gaji da auren ne, ya fara daɗewa a waje. Ni kuwa na yanke wa kaina hukunci cewa muguwar mace ce ni, Allah ya ba ni abin da wasu ke roƙo da hawaye na kasa godewa.

Wata la'asar muna zaune a gindin darbejiyar tsakar gida tana tsince shinkafa, na ce mata, “Ya, ba na jin ina son abin da ke cikina.”

Na jira ta yi salati ko ta tsawatar. Ba ta ko ɗago kai daga faifan ba. Ta ce lokacin cikinta na fari, jin takun mijinta kaɗai yana sa ta kuka, ta taɓa ɗaure kayanta za ta koma gidansu ba tare da an yi mata komai ba. Sannan ta ce, “Ba zuciyarki ce ta lalace ba, Malama. Jiki ɗaya ne yake aikin mutum biyu. Son yana hanya, wata ya riske ta tun a ciki, wata sai ta ga fuskar.” Ta sa na yi mata alkawari cewa idan abin ya kai na daina ci, ko na kasa tashi, ko wani mugun tunani ya zo min game da kaina, zan faɗa mata a ranar, mu je asibiti tare. Da Yohanna ya dawo ta kira shi gefe. Ban san abin da ta ce masa ba, amma daga ranar ya daina tambayata me aka yi min. Yakan jawo kujera ya zauna kusa da ni har kukan ya wuce.

Cikin ya shiga wata takwas a tsakiyar zafin bazara. Ƙafafuna sun kumbura, ta duba ta ce in riƙa ɗora su a kan matashi. Wata Asabar da safe na fito da ciwon kai na kwana biyu, zoben aurena ya nutse a yatsa, idona yana ganin wasu ƙyalƙyali kamar ƙwari. Ta kalli fuskata ta daɗe. Na riga ta cewa ai na ciki ne.

“Wannan ba na ciki ba ne,” in ji ta.

Ta bar tukunya a wuta, ta jawo lafaya. Yohanna ya ce ai Litinin ce ranar awo, a bari zuwa jibi. Ta juyo ta ce, “Yohanna, ban taɓa ɗaga maka murya ba. Je ka tsayar da mota.” Ya tafi. A asibiti aka auna jinina aka ga ya hau sosai, ba su bar ni na koma gida ba. Bayan kwana biyu aka yi min aiki aka ciro Saratu, 'yar mitsitsiya, ta yi kwanaki a kwalba. Likitan ya ce wa Yohanna da an jira Litinin ɗin kafin a kawo ni, da wata magana ake yi.

Sai bayan mun dawo gida, tana gasa min jiki, ta ba ni labarin Yagana. Ita ce 'yarta ta fari. Ta kumbura haka a cikinta na fari, matan gida suka ce tagwaye ne ko ƙaton namiji. Jijjiga ta kama ta, ta cika a hanyar asibiti, ita da abin cikinta. Ya Falmata ta matse tawul ta ce, “Ni ce na ce mata na ciki ne.” Ba ta yi kuka ba. A nan na fahimci dalilin tambayoyin nan da take jerawa kafin ta buɗe baki, da dalilin da ba ta bari ranar awo ta wuce.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ga zamanin Saratu. Yarinyar tana da waya da ke faɗa mata cewa a wannan makon ɗanta ya kai girman mangwaro. Ta ga hotonsa tun kafin ya motsa. Na tabbata Ya Falmata za ta so wannan, domin ba ta cikin masu cewa komai na da ya fi. Ta san shawarar tsakar gida ce ta ci 'yarta. Amma ina jin za ta tambaya, wa yake kallon fuskar yarinyar nan da safe? Saratu tana zaune a Dusuman, a sabon gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, mijinta yana fita aiki, maƙwabta sai gaisuwa daga nesa. Idan ta ji ciwo ta rubuta a waya, amsa goma ta fito, biyar su ce ba komai, biyar su ce mutuwa ce. Wayar ba ta san yadda fuskarta take jiya ba, balle ta ga ta canza yau.

Ban riƙe Ya Falmata yadda ta riƙe ni ba, wannan dole in faɗa. A shekarun da gari ya rikice mun tashi daga Gomari, ziyara ta koma ta Sallah da Kirsimeti, ita ta aiko da burabusko, ni in aika da shinkafa. Na ji ba ta da lafiya na ce sai ƙarshen mako. Ta rasu da safe ranar Talata, kafin in tashi daga makaranta an kai ta makwancinta. Na zauna cikin matan gidan kwana uku, na ga mata da yawa da ban sani ba, kowace da labarin cikin da ta raka ta.

Makon jiya na je Dusuman. Na tarar da Saratu kwance a falo, ta ce min lafiya lau, ƙwannafi ne kawai. Na duba ƙafafunta da hannunta, na tambayi katin awonta, komai daidai. Har na ɗauki jaka zan tafi, sai na koma na zauna, na tambaye ta yaya zuciyarta. Sai hawaye suka zubo mata. Ta ce kowa yana murna ban da ita, tana tsoron ba za ta iya zama uwa ba, kuma ta ji kunyar faɗa min saboda ta san ni ban taɓa jin haka ba.

Shekara ashirin da shida ina ɓoye mata wannan. Na ba ta labarin la'asar ɗin nan, da maganar da na faɗa a kanta tun tana cikina, ban rage komai ba. Ta ce, “Mama, me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?” Mu mata muna gadar wa 'ya'yanmu yadda ake dama kunu da yadda ake ɗaura zani, mu bar su su gano wannan su kaɗai.

Ya Falmata ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar gona ba, ko hotonta mai kyau ba ni da shi. Abin da ya rage min nata shi ne wannan ɗabi'a: a ajiye aiki, a saurari mai ciki har ta gama, kada a raina ƙorafinta, kada kuma a tsorata ta, a san inda sanin gida ya ƙare a nufi asibiti. Da ran 'yarta ta koyi wannan, ta ba ni kyauta. Ranar Alhamis Saratu za ta koma awo, ta ce za ta faɗa wa malamar asibiti batun kukan. Na nemi izini a makaranta, tare za mu je.

Allah ya ji ƙan Ya Falmata, ya haɗa ta da Yagana a inda babu rabuwa.