Inda Na Sauke Masu Neman Aure

Shekara ashirin da uku na yi ina jan mota tsakanin Jibiya da Katsina. Ranaku da yawa sun shige kamar ba a yi su ba, amma ban taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na ɗauko masu neman aure daga Maraɗi ba. Ku da kuka shigo tashar nan bara da bana, ku matso ku ji, don na lura wasunku da an ce musu "kai ni otal kaza" sai su murɗa makulli kawai.

A lokacin ina layin bakin iyaka. Ga wanda bai san aikin ba, motar Nijar takan sauke fasinja a can, su tsallako, a duba takardunsu, sannan su iske mu a wannan ɓangaren. Mota tana bin layi ne, ɗan kamasho ya cika ta, ta tashi. In kuwa wani yana son mota shi kaɗai, wannan shata ke nan, kuma shugaban tasha ne ke zaɓar direban da zai ba.

Da hantsi, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, shugaba ya kira ni. Ya ce, "Lawal, ga dattijo nan da ɗan ƙanensa, shatar kwana biyu. Na ba ka su ne don ka san gari. Amma don Allah ka rage surutu." Na ce, "Ranka ya daɗe, zan gwada." Shi ma ya san ba zan iya ba.

Dattijon sunansa Alhaji Mamman, ɗan kasuwar albasa ne, dogo, mai magana a hankali. Saurayin kuwa Mushe Sanusi, wato malamin makaranta, don can Nijar haka suke kiran malamin boko. Da na buɗe but ɗin mota suka zuba kaya, na ga huhun goro da katan ɗin alewa da dabino, na san abin da ya kawo su tun kafin su faɗa. Ba mu yi nisa ba Alhaji ya warware mini zancen. Mushe yana son wata yarinya a cikin birnin Katsina, ita ma tana son sa. Uban yarinyar, Malam Ashiru, tsohon magatakardan kotu ne, kuma ya daɗe yana jan ƙafa, don bai son ya ba da 'yarsa a tsallaka iyaka da ita wurin mutanen da bai sani ba. Da kyar ya ce su zo bayan la'asar ya gan su. In bai gamsu ba a ranar, magana ta mutu.

Na ce, "To Allah ya ba da sa'a. Ina zan sauke ku?"

Mushe ya miƙo mini waya, yana murmushi, ya ce ya riga ya kama ɗaki tun daga Maraɗi. Ga hotuna, ga fitilu, ga fulawa a bakin ƙofa. Ina ganin sunan otal ɗin gabana ya faɗi. Ba zan faɗi sunansa ba, mai shi bai yi mini komai ba. Da rana wurin tsaf yake. Amma duk direban Katsina ya san abin da ake sha a can da irin kiɗan da ake yi, kuma unguwar baki ɗaya da haka aka san ta.

Na gangara gefen titi na kashe mota. Na ce, "Alhaji, ka yi mini aikin gafara, wurin nan ba zan kai ku ba."

Mushe ya harzuƙa. Ya ce, "Malam direba, taurari huɗu gare shi! Mutane sun kwana sun yaba." Na ce, "Mushe, waɗanda suka ba shi taurarin nan, neman aure ya kai su?" Alhaji ya gyara zama ya ce, "Mi kake nuhi, Malam Lawal? Hito hili ka gaya muna."

Na fito fili. Na ce a Katsina, in baƙo ya zauna a zauren mutum, bayan an gaisa an tambayi hanya, abin da ke biye shi ne, "Ina kuka sauka?" Ba don son jin labari ake tambaya ba. Da farko za a aika muku da abinci, don abin kunya ne baƙonka ya ci na kasuwa. Na biyu, wanda aka aika da kwanon yana da ido, kuma zai koma gida ya ba da labari. Na ce, "Ku ambaci sunan wurin nan a gaban Malam Ashiru, wallahi zai yi muku addu'a mai kyau ya raka ku bakin ƙofa, shi ke nan."

Alhaji ya juya ya kalli ɗan ƙanensa, kallo ɗaya. Mushe ya sunkuyar da kai. Raina bai so ba, don yaron bai yi da mugun nufi ba, hoto ne ya ruɗe shi.

Da muka shiga gari Alhaji ya ce to a kai su babban otal na unguwar manya, kada a raina su. Na kai su, don su gani da idonsu. Ga sanyi, ga shiru, ga mai gadi da kaki. Na leƙa ta taga na tambayi mai gadin, "Samari, in an kawo wa baƙo tuwo daga cikin gari, ana shiga da shi?" Ya ce dokar gidan ba a shiga da abincin waje. Na juyo na ce, "Alhaji, ka ji. A dafo muku abinci a gidan surukai, a tare shi a bakin get, a mayar? Kuma daga nan zuwa gidan Malam tafiya ce, zai ga kamar kun zo nuna masa arziki ne." Alhaji ya ce, "Subhanallahi! A'a, mu tahi."

Daga nan na nufi inda na yi niyya tun farko. Wani ƙaramin masaukin baƙi ne kusa da ƙofar gari, ɗaki takwas, da rumfa da tabarmi a tsakar gida, da buta a ƙofar kowane ɗaki. Daga nan zuwa gidan Malam Ashiru ko tsoho zai taka da ƙafa. Babu na'urar sanyi sai fanka. Kuma, don kada in yi muku ƙarya, ranar ma famfo ya ɗauke, sai rijiya. Mushe ya dubi ɗakin, ya dube ni, ya ce, "Nan ne?" Na ce, "Nan ne." Ya juya mini baya ya shige ɗaki. Alhaji kuwa ya buga wa gidan Malam waya ya shaida musu sun iso, ga inda suke.

Ni kaina a lokacin na ce a raina, Lawal, ka sa baki a auren mutane, in abin nan ya lalace kai za a tuna.

Bayan azahar ina kishingiɗe a rumfa, sai ga a-daidaita ta tsaya. Wata tsohuwa ta fito, gajeruwa, da ƙaton mayafi da murya kamar ta mai tallan fura, ga kulolin abinci sun kai shida. Mushe kuma yana bakin rijiya, ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando, yana ja wa Alhaji ruwan wanka. Da ya gama ya ga butocin sauran baƙi babu ruwa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cikawa, yana ta cin magani.

Tsohuwa ta hango shi ta ce, "Kai, mai ruwa! Zo ka kwashi kayan nan ka kai wa baƙin Maraɗi. Ka riƙe da kyau, kada ka zubar mini da miya!"

Na yunƙura zan yi magana. Wallahi ranar ce kaɗai a rayuwata na kama bakina. Mushe ya ajiye guga, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "To, Inna." Ya yi sawu uku yana kwasa. Ta ce ya kawo mata kujera, ya kawo. Ta ce ruwan sha, ya kawo. Ta gaisa da Alhaji ta bakin ƙofa, ta ƙare wa gidan kallo tun daga rumfa har makewayi, sannan ta ja Mushe gefe ta rage murya, amma har rumfa ina ji. Ta ce, "Kai da kake aiki a nan, gaya mini gaskiya. Yaron da suka zo da shi, yaya yake? An ce ɗan boko ne, ba shi da girman kai?" Mushe ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, ni dai ba zan iya yabonsa ba." Ta ce, "Ina yake?" Alhaji daga cikin ɗaki ya ce, "Hajiya, ai shi ne wanga da kike ta aike."

Jama'a! Tsohuwa ta dafe ƙirji ta ja salati, ta rufe fuska da mayafi, sannan ta fashe da dariya har da hawaye. Ashe yayar Malam Ashiru ce, gwaggon yarinyar, wadda ba ya tsallake maganarta. Ta shiga a-daidaita tana cewa, "Na shiga uku, na sa surukina ɗaukar kula!"

Bayan la'asar na kai Alhaji. Saurayi ba ya zuwa irin wannan zama, don haka Mushe ya tsaya a masauki. Ni na shigar da goro da alewa zaure, na raɓe daga bakin ƙofa. Malam Ashiru na zaune da ƙannensa biyu, fuska ba yabo ba fallasa. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen Maraɗi. Sai Malam ya ce, "Ina kuka sauka?" Alhaji ya faɗa masa. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Na sani. Na tambaya ne don al'ada." Sannan ya ce, "Abin da nake tsoro shi ne in ba da ita inda ba za a darajanta ta ba. Yaya ta dawo ta ce mini yaron da zai cika butar baƙon da bai sani ba, ba zai bar 'yata da ƙishi ba. Ta ce in ban ba shi ba, kada in ƙara taka gidanta. Alhaji, na ba ku."

Aka shafa fatiha. Daga cikin gida guɗa ta tashi, kuma na rantse muryar tsohuwar nan ce. Alhaji Mamman, mutumin da tun safe bai ɗaga murya ba, ya fito yana share ido da gefen rawani.

Da muka koma, Mushe na tsaye a bakin titi, ya kasa zama. Ban jira Alhaji ba, na leƙo ta taga na ce, "Ango, an ba ka!" Ya rungume ni ta tagar har hulata ta faɗi. Ya ce, "Malam Lawal, ka yafe mini, tun safe nake zaginka a zuci." Na ce, "Na sani, ai fuskarka ba ta ɓoye ba." Daɗin da na ji ranar, ko ranar da na sayi motata ta farko ban ji shi ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Baƙon da ya tsallako iyakar nan bai san wace unguwa ce ta wa ba, bai san abin da sunan masauki ke faɗa wa mutanen gari ba. Kai ka sani, kuma inda ka ajiye shi da nan za a auna shi kafin ya buɗe baki. Don haka kafin ka tambayi baƙo inda za ka kai shi, ka fara tambayarsa abin da ya kawo shi.