Rigar Baba Ebina

Sista Tomie Kuwabara ta shekara arba'in da ɗaya a asibitin garinmu, nan bakin teku a lardin Aomori. 'Yar masunta ce, gajera, ba ta da fara'a ko ta sisin kwabo, kuma tafiyarta ba ta da sauti. Sai dai ka juya ka gan ta a bayanka. Mu sababbin likitoci mun fi tsoronta a kan shugaban asibitin.

Ita ta kafa zaman ranar Laraba. Da tsakar rana za mu taru a wani ɗaki kusa da ƙofar baya, inda ake fitar da gawa, likitoci da nas-nas har da mai ba da magani, kowa da kwanon shinkafarsa. Doka ɗaya ce: a faɗi kuskuren da aka yi a makon, kowa ya ƙaru. An ce ta fara ne bayan wani matashin likita ya ba mara lafiya maganin da ba nasa ba, ya rasa wanda zai faɗa wa, aka wayi gari aka tsinci takalmansa a jere a bakin tashar jiragen ruwa, shi kuma ba a sake ganinsa ba. Ita dai ba ta taɓa ɗauko zancen ba. Amma kullum akwai kujera guda da ba ta bari a zauna.

A wata na huɗu da fara aikina, nawa kuskuren ya same ni. Baba Ebina, wani tsohon manomin tuffa, ya warke daga ciwon huhu, ranar Juma'a za a sallame shi. Ranar Litinin da safe na gama auna ƙirjinsa, na ga nas-nas sun yi yawan aiki, na ce bari in mayar masa da rigarsa da kaina, irin mai buɗaɗɗen gaban nan da ake naɗe ɓangare kan ɓangare. Da yake ina fuskantarsa, sai hannuna ya juye. Na ɗora ɓangaren dama a kan na hagu, naɗin da a al'adarmu ba a yi wa kowa sai gawa.

Ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "To, Likita. Na gode."

Sai da na kai ɗaki na uku abin ya faɗo mini. Kunya ta hana ni komawa, na ce ai wata nas za ta gyara. Kafin la'asar zuciyarsa ta tsaya. Aka bincika, ba a ga dalili ba.

Kwana biyu ko loma ban iya haɗiyewa ba. Na yanke cewa idan aka tashi zaman Laraba zan ajiye aikin in koma gidanmu, don ban ga yadda zan sake taɓa wani mara lafiya ba.

Ranar Larabar, Soma abokin aikina ya fara. Ya ce ya yi rabin sa'a yana neman jijiya a hannun wata tsohuwa. Wata nas ta ce, "Kai Likita, da rijiya kake haƙa da tuni mun sha ruwa!" Aka yi dariya. Sista Kuwabara ba ta yi ba, ni take kallo.

"Likita Narumi, abincinki ya huce," in ji ta.

Sai na ji bakina yana faɗa, tun daga farko har ƙarshe. Soma ya yi ƙarfin hali ya ce, "Haba, riga ba ta kashe mutum. Ai an gyara masa, ko Sista?"

Wallahi abin da nake so in ji ke nan. Ta ajiye tsinken cin abincinta a hankali.

"Ƙarfe goma na shiga na gani," ta ce. "Na kai hannu zan kwance, ya riƙe ni. Ya ce, 'Bar ta haka, Tomie. Likita ce ta ɗaura, ta fi ki sanin abin da ke cikina.' Na ce kuskure ne, Baba. Ya ce likita ba ta kuskure, tausayi ne ya hana ta faɗa da baki. Ya sa na kira masa 'yarsa, ya gaya mata wanda zai kula da gonar. Ya ƙi cin abincin rana. Da na zo shirya gawarsa ban sake naɗin ba, a shirye na same shi."

Kuka ya ƙwace mini. Na tsane ta a lokacin, don da ta so da ta rufa mini asiri da ƙarya.

"Ban sani ba ko rigar ce," ta ce. "Ba wanda zai sani. Abin da na sani, mutanen nan suna sauraron hannunku fiye da bakinku. Tashi ki wanke fuska. Tsohuwar gado na shida tana jiran a canza mata riga, kuma ke za ki canza."

Na ce, "Sista, ba zan iya ba."

"Ina bayanki."

Na je. Ban ji takunta ba, ban kuma waiwaya ba. Tsohuwar ta zauna ta buɗe hannuwa, na ɗauki ɓangarorin rigar biyu. Ko sau ɗaya ba ta dubi fuskata ba. Hannuwana ta ƙura wa ido, tana jiran ta ga wane ɓangare zan fara ɗorawa.