Magagi, Wanda Ya Yi Hira da Rijiya

Magagi dillalin jakai ne a kasuwar Filinge, kuma a zamaninsa duk ƙasar Kurfai ba a yi mai tsokana kamarsa ba. Gajere ne, siriri, da jar hula ɗaya wadda rana ta gama cinye launinta. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Abin da ya iya shi ne sa mutum ya yi magana ko bai yi niyya ba. Idan Buzu ya kawo jaki daga Bonkuku ranar Lahadi, ya ja rawani ya rufe baki ya ƙi cewa uffan, sai Magagi ya zagaya jakin sau biyu, ya ɗaga masa leɓe ya duba haƙora, ya ce, "Wanga jaki, kai ka girme shi ko shi ya girme ka?" Nan take mai jaki zai sauke rawani ya zazzage tarihin dabbar tun daga uwarta.

Mushe Haruna ne ya ba ni yawancin labarin nan bayan ya tsufa. Malamin lakwal ne, shi ya sa ake ce masa Mushe, mutumin Dogon Dutsi. Shekara huɗu bayan samun 'yancin kai aka damƙa masa rediyo ɗaya da na'urar ɗaukar magana, wani akwati mai nauyi da maɗaurin rataya da mikoro, abin da ake kai wa mai magana baki. Kowane mako ana aiko masa da batu daga Yamai, ya zaga ya ɗauki ra'ayin mutane a bandi, wato zaren ɗaukar murya, ya ba direban motar kasuwa ya kai. Can sai su zaɓi abin da ya yi musu su watsa. Ranar Alhamis bayan la'asar ake ajiye rediyon a kan tebur a ƙofar lakwal, gari ya taru ya saurara.

Wata uku Mushe yana aikawa, ba a sa muryar mutumin Filinge ko ɗaya ba. Dalili kuwa, duk wanda aka miƙa wa mikoro sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, mun gode Allah, mun gode ma gwamnati," shi ke nan, sai kallon bandi na juyawa.

Wata Lahadi batun shi ne jan maganin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Mushe ya tare wani tsohon manomi, Kailu, a gefen kasuwar dabbobi, ya karanta masa tambaya daga takarda. Kailu ya gode wa Allah, ya gode wa gwamnati. Magagi na tsaye kusa, riƙe da igiyar jakin wani.

Ya ce, "Mushe, ka daina wahal da tsoho. Mi ya sani ga noma? Kowa ya san matatai ka noma gonar, shi aikinai zama ƙarƙashin gawo."

Kailu ya juyo a hankali. Ya manta da mikoro, ya manta da gwamnati. Ya faɗi damman hatsin da ya ɗaure bara da bara waccan, ya faɗi yadda ya gwada jan maganin a rabin gona ya bar rabi, da yadda gara ta cinye ɓangaren da bai sa ba, da yadda kajinsa biyu suka mutu don sun tsinci irin, abin da ba wanda ya gargaɗe shi a kai. Ya ƙarasa da bayanin asalin Magagi har kaka na uku. Mushe ya riƙe mikoro har bandi ya kusa ƙarewa.

Bayan mako biyu aka sa shi, ban da zancen kakanni. Kailu ya ji muryarsa na fitowa daga akwati a gaban jama'a, ya rufe fuska da hannun riga yana dariya. Daga ranar Mushe ke riƙe na'ura, Magagi ke riƙe mikoro.

Ba ya tambaya yadda aka rubuto. Idan batun tsabtar gida ne, sai ya ce wa mutanen wata unguwa an ce 'yan Bonkuku sun fi su shara. Mako na gaba ya hau mota zuwa Bonkuku ya gaya musu abin da aka ce a kansu, ya ƙara gishiri kaɗan. Masu rediyo a Yamai suka fara gabatar da shi da suna. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna kwaikwayon yadda yake buɗe magana: "Ni dai ji na yi, ban ce gaskiya ta ba."

Abin da ya fi fito da shi shi ne rijiyar wani ƙauye a arewa da gari. Wani mai gina rijiyoyi, Baƙo, ya fara ta, ya kai gaba goma sha biyu, ya kwashe ma'aikatansa ya tafi wani aikin. Shekara uku rami na nan a bushe, mata na tafiyar rabin yini neman ruwa. Mutanen ƙauyen suka ƙi yin magana, don Baƙo surukin mai garinsu ne. Magagi ya ce ba komai, shi da ma ba wurinsu ya zo ba. Ya kwanta rub da ciki a bakin ramin, ya zura mikoro.

Ya ce, "Jama'a, yau baƙuwarmu rijiya ta. Baiwar Allah, yaushe za a gama ki, bana ko baɗi?"

Ramin ya amsa, "Baɗi."

"Wa ya bar ki haka, mai gari ko Baƙo?"

"Baƙo."

"To, kun dai ji da bakinta."

Kwana uku bayan an watsa wannan, Baƙo ya zo kasuwa da sanda yana neman Magagi. Duk rumfar da ya tsaya tambaya, sai wani ya ce masa "baɗi" daga baya, in ya waiwaya kowa na harkar gabansa. Bai sami Magagi ba, don yana kwance cikin rumbun wani abokinsa. Kafin damina ta faɗi aka cim ma ruwa a rijiyar.

Masu rediyo sun taɓa kiran Magagi Yamai don ya yi shiri a can. Suka sa shi a wani ɗaki mai sanyi, ba taga, da jar fitila a bisa ƙofa. Ya kwana biyu ya dawo. Ya ce wa Mushe ɗakin ba kowa a ciki sai tebur, shi kuma bai san laifin tebur ba balle ya tsokane shi.

Wadda ta kayar da shi matarsa ce, Dijatu. Batun makon ɗibar ruwa da itace ne, Mushe ya ce dole a ji mata. Suka je bakin rijiyar unguwa da hantsi. Magagi ya fara da cewa ya ji an ce mata ba ruwa ke kawo su rijiya ba, gulma ce. Dijatu ta ajiye tulu, ta goge hannu a zane, ta karɓe mikoron daga hannunsa kamar muciya.

Ta ce, "Mushe, abin nan na ɗauka? To. Ni mai gidana dillalin jakai na. Jakin da ya bi ta hannunai ya hi ɗari biyar. Amma shekara goma sha shida ni ka ɗauko ruwa bisa kai, ni ka ɗauko icce bisa kai. Jakin gidanmu ni ta. Kuma tunda ana son gaskiya, ran da kunama ta hito tsakar gida, wanga da kuka ji yana ma Baƙo tsiya, bisa turmi na iske shi."

Matan suka yi ta dariya har wata ta saki guga a rijiya. A hanya Magagi ya roƙi Mushe ya goge wurin. Mushe ya ce sai ya yi tunani, ya yi tunanin har mota ta tashi da bandin. Ranar da aka sa, Magagi ya zauna a sahun gaba, ya saurara har ƙarshe, ya ce muryar matar nan ta yi masa kama da wadda ya sani. Lahadin da ta biyo ya kawo jaka gida, macen jaki fara, mai lafiya. Maza da yawa a garin sun ji haushinsa a shekarar, don matansu su ma sun saurari rediyo.

Sai fari ya zo. Daminar saba'in da biyu ta yi rowa, ta saba'in da uku ta fi ta. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Kasuwar dabbobi ta cika da shanun da ba sa iya tashi, jaki kuwa ko kyauta ba mai karɓa, don ba abin ba shi. Farar jakar Dijatu ta mutu. Maza suka watse, wasu Yamai, wasu Sakkwato, wasu kurmi, ƙasashen bakin teku. Mata na jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu a dafa. Magagi ya rame har hular ta yi masa yawa, kuma ya daina tsokana, ya ce mai jin yunwa ba a ja masa rai.

Wata tsohuwa, Hauwa, ita ta dawo da shi. Ɗanta Issa ya tafi Abijan shekara huɗu, ba wasiƙa ba saƙo. Ta ji an ce 'yan ci-rani na kama rediyon gida a can. Ta zo lakwal ta ce a ɗauki muryarta. Ta yi magana a hankali, ta ce tana lafiya, kowa na lafiya, in ya sami hali ya tuna da su.

Magagi ya ce, "Inna, kin ce mishi kina lahiya. Mi za ya sa shi motsi? Ki ba ni izini in taɓa shi."

Ta ce, "Taɓa shi, amma kar ka zagi ubanai."

Ya karɓi mikoro. "Issa na Hauwa, na unguwar maƙera, ni dai ji na yi. An ce ka yi ƙiba har wuyanka ya ɓace. An ce ka sai agogo, kana tambayar mutane lokaci don su ga hannunka. To, in ka duba agogon, nan lokacin cin anza na. Innarka ta ce in gaishe ka, ni ban gaishe ka ba."

Mushe bai yi zaton za a sa ba, amma aka sa. Bayan mako bakwai babbar mota ta sauke buhun masara da na garin rogo da sunan Hauwa, da wasiƙa mai shafi biyu. Layi uku na uwar ne, sauran duk na Magagi. Mushe ya karanta masa a gaban mutane, yana tsallake wasu kalmomi. Magagi ya ce yaron ya iya zagi, Allah ya yi masa albarka.

Daga nan layi ya kafu a ƙofar lakwal. Kowace mace da sunan wanda take so a taɓa mata. Ba duka suka amsa ba, amma an ga buhuna.

Sau ɗaya abin ya juye masa. Wata mata, Habsa, ta kawo sunan mijinta Tahiru, wanda ke Kumasi. Magagi ya ce ya ji an ce Tahiru ya yi amarya a can, ya manta hanyar gida. Amsar da ta zo daga mai masaukinsa ce: Tahiru ya rasu wata biyar da suka wuce, zazzaɓi, ba su san inda za su aika ba sai da suka ji an ambaci garinsu a rediyo.

Magagi ya je gidan, ya cire hula, ya zauna a ƙasa a bakin zaure. Ya yi gaisuwa. Habsa ta yi magana daga bayan dangar kara.

"Ban riƙe ka ba, Magagi. Da ba ka kira sunanai ba, da har yau ina zaune ina jiran shi. Amma zancen amarya ƙarya ka yi mishi, kuma duniya ta ji. Inda ka ɓata, can za ka gyara."

Ya je ya gyara. Ya faɗi sunan Tahiru da na ubansa, ya ce shi Magagi ya yi masa ƙage, ya roƙi gafara, ya roƙi duk wanda ya yi dariya ya yi wa mamacin addu'a. Bayan wannan, kafin ya taɓa kowa sai ya tambayi yaushe aka yi masa ganin ƙarshe, da wa ya gan shi.

Ruwa ya dawo. A farkon daminar saba'in da biyar, da safe bayan an sha ruwan shuka, wani ƙaton saurayi ya sauka daga motar Yamai, ya ajiye akwati a gidan Hauwa, ya fito yana tambayar gidan Magagi. Aka nuna masa gona. Ya iske wani ɗan tsamurmurin mutum na sara rami da sungumi, matarsa na bin sa tana zuba iri.

Ya ce, "Ina neman Magagi na rediyo."

"Ka same shi."

Issa ya dube shi sama da ƙasa. "Kai na? Shekara biyu 'yan gidanmu na ce mini mai agogo. Tun Abijan nike shirin yadda zan kama ka. Na ɗauka wani babban mutum na."

Magagi ya ce, "Muryar ta babba. Ka ga sauran." Ya ɗan leƙa wuyan saurayin. "Ashe dai ba a yi mini ƙarya ba."

Dijatu ta ce in duka ne a yi da sauri, ƙasa na shan iska. Issa ya kwance agogon ya sa a aljihu, ya karɓi sungumin daga hannun Magagi, ya ce tsoho ya koma gefe, ramukansa duk a karkace suke. Sai da ya sare musu rabin gonar kafin ya wuce ta uwarsa.