Muryar Yaya Iro a Bakin Wani

Shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai Yaya Iro makwancinsa a Bauranya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Na so in bar ranar ta wuce da addu'a kawai kamar yadda na saba, sai dai abin da na gani a talabijin makon jiya ya hana ni yin shiru, ni kuwa dama ba a san ni da haɗiye magana ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, su ne kuma suka fi yawa yanzu, Iro wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, makaɗin kukuma. Ni ne ɗan amshinsa tun muryata ba ta buɗe ba, har na samu aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Kankia. A zamaninsa, daga Kusada har Sukuntuni, bikin da Iro bai je ba sai a ce an dai ɗaura aure. Ba kyakkyawa ba ne, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Agana ta ci fuskarsa tun yana yaro, goro ya rine masa haƙora, ga shi gajere. Amma ba wanda ya taɓa zuwa kallon Iro, ji ake zuwa yi. Shi kansa idan ya ɗora izga a kan tsirkiya rufe ido yake yi, ba ya buɗewa sai ya dire waƙa.

Cikin waƙoƙinsa akwai wadda ya keɓe. Ya yi ta ne lokacin da yake neman Binta, Bafulatanar da ke kawo nono kasuwar Kankia daga rugarsu ta wajen Ƙofa. Ya yabi ƙwaryarta da faifanta, ya kuma kai ƙararta wurin jama'a cewa duk nonon da yake saye ba ta taɓa yi masa gyara ba. Waƙar ce ta ba shi aure. Bayan nan ya kafa mata doka: ba ya yin ta a taron da Binta ba ta wurin. Na ga manyan mutane sun roƙe shi ya ƙi, sai ya ce mai waƙar ba ta zo ba.

Muna nan a haka, kaset ɗinsa na yawo a tashar mota da teburin mai shayi, sai dish na kama tashoshin talabijin ya shigo gari. Aka buɗe gidajen kallo, aka samu tashar da ba ta da aiki sai nuna waƙa da rawa tun safe. Matasa suka koma ba su yarda waƙa ce ba sai sun gan ta da ido. Gidajen biki suka fara ɗauko mai lasifika da faifai, wanda ba ya gajiya, ba ya neman a shimfiɗa masa tabarma. Iro bai taɓa yi mini kuka ba, amma na ga yadda yake goge kukumar nan kullum alhali ba inda za shi.

Shi ya sa da wasu samari suka zo daga Kano suka ce sun ji waƙar Binta a tsohon kaset, suna so su sa shi a talabijin, bai ko yi shawara ba. Ya karya dokarsa da yardar Binta, don ta ce ai za ta zauna gaban akwatin, ka ga tana wurin ke nan. Ya ɗinka babbar riga ta shadda, ya sayi sabuwar hula, Binta ta turara su. Ni na raka shi Kano don in yi amshi. Suka shigar da mu wani ƙaramin ɗaki da aka manna wa soso a bango, ga taga ta gilashi, ga mutane a bayanta suna danne-danne. Iro ya fuskanci gilashin, ya gyara hula, ya gyara zaman riga, don a zatonsa kamara tana ciki. Ni ma da ilimin bokona da aikin ofis ɗina haka na zata. Ranar ce kaɗai a rayuwata na ga Yaya ya yi waƙa idonsa a buɗe, wai kada mutanen gida su ce barci yake yi.

Da aka aiko mana ranar da za a nuna, Bauranya ta kwaso har Kusada, wasu a ƙafa wasu a keke. Gidan kallon Ɗanlami ya cika bayan la'asar, aka ware wa mata benci a baya saboda Binta. Iro ya zauna gaba cikin rigar nan. Janareto ya tashi, kukuma ta yi kuka, jama'a suka ɗauki shewa. Sai ga wani saurayi da baƙin tabarau da matsattsen wando yana gudu cikin furanni, yana bin wata yarinya da ko a mafarki ba ta taɓa ɗaukar ƙwarya ba. Ya buɗe baki, muryar Yaya ta fito. Amshina kuwa wasu samari uku aka ba, suna karkaɗa kafaɗa a bakin wata korama.

Can wani dattijo, abokin wasansa, ya ce, "Iro, yaushe ka yi suma haka ba mu sani ba?" Aka kwashe da dariya, ba don mugunta ba, mutane ba su san abin da za su yi ba ne. Iro ya juyo ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, wane ne wanga da ya haɗiye mani murya?" Da na waiga baya, Binta ta riga ta fita.

Na koma Kano na tambayi samarin da suka ɗauki waƙar. Babbansu ya yi mini bayani cikin ladabi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce, "Haka ake yi ai, Baba. Wani ya rera, wani ya hau. Muryar tsoho zinariya ce, amma kamara ba ta son irin fuskarsa." Na ce to sunansa fa? Ya ce sunan wanda ake gani ake rubutawa, shi mutane za su nema.

Ba zan ce abin nan ne ya kashe Yaya ba, kwana ne ya ƙare, ya kuma yi 'yan shekaru yana noma geronsa bayan haka. Amma daga ranar ya rataye kukuma a ƙusa har fatarta ta tsage. Rigar kuwa ya ba wani maƙwabci da zai aurar da ɗiya. Waƙar ta yi tashe ko'ina, a kantuna, a motocin haya, a bikin da ba a gayyace shi ba. Idan ya ji ta a hanya sai ya sauya hanya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da kowa ke riƙe da waya yana motsa baki a kan muryar wani, ba kunya ba tsoron Allah. Ina jin dariya zai yi, ya ce ashe shi aka fara yi wa. Abin da ba zai iya yi wa dariya ba shi ne na makon jiya. Tashar nan yanzu tana da shirin tuna baya, inda ake kuka da cewa waƙoƙin da sun fi ma'ana. Suka sako waƙar Binta, sannan suka kawo saurayin nan, ya yi tumbi ya yi furfura. Mai gabatarwa ya tambaye shi inda ya samo irin waɗannan kalmomi. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce baiwa ce daga Allah. Baiwa ce kam, amma ba shi aka ba.

Ummi, jikar Iro, tana falona a lokacin, tana bin waƙar baiti baiti. Na ce mata, "Ke, kin san muryar kakanki ce wannan?" Ta yi dariya ta ce, "Kai Kaka, ka fara tsokanar taka. Ga mai waƙar nan ana hira da shi." Ta ɗauka wasan jika da kaka nake yi. An sha gaya mata, amma maganar tsoho ba ta kai hoto ƙarfi ba. Wallahi na ji zafin wannan fiye da dariyar gidan kallo, don waɗancan sun san wanda aka zalunta.

To me ya rage na Iro? Kukumar ta lalace, kaset ɗin sun cinye kansu, masu rawar bikinsa suna ta bin sa ɗaya bayan ɗaya. Murya ta rage, tana nan garau kamar jiya, a bakin wani. Masu sanin mai ita da gaske, daga ni sai Binta.

Jiya na je gaishe ta a Kusada, gidan babban ɗansu. Ta tsufa, ta rame, amma kunnenta ras. Muna cikin gaisuwa aka maimaita shirin. Da jin kukan kukuma ta ɗaga hannu ta ce wa surukarta, "Juya mani shi bango." Matar ta tashi ta juya talabijin ɗin ya fuskanci bango, da gani ta saba. Binta ta rufe ido kamar yadda Iro yake yi, muka zauna muna sauraren bayan akwati. Da aka zo baitin gyara sai ta girgiza kai, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ita da ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Har gobe ba ni ƙara maka, mai kukuma."

Ku da kuke kewar waƙoƙin da, idan wannan ta zo muku, ku kau da ido ko na baiti ɗaya ne. Wanda kuke ji sunansa Iro, mutumin Bauranya, gajere mai zanen agana, kuma ya sa sabuwar riga ranar da ya yi muku ita.