Saɓar Uwani

A shekarun farko da aka ba mu jihar Zamfara, in ka je mahautar Kwatarkwashi ka nemi wanda ya fi iya fiɗa, Arzika za a nuna maka. Siririn mutum ne marar yawan magana, ya gaji fawa wajen ubansa amma bai gaji bakin mahauta ba. Sai ya feɗe sa daga wuya har wutsiya, ka ɗaga fatar a rana ba huji ko ɗaya. Masu sayen fata daga Gusau tasa suke fara tambaya. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya kuma tana aure a Tsafe, shi kaɗai ne a gida.

To, bawan Allahn nan gizo-gizo yake kiwo. Ba irin mai yana a kusurwar ɗaki ba, wani baƙi ne mai kauri da ke haƙa rami a gindin duwatsu, ya yi wa ramin murfi da laka, ya laɓe yana jiran ƙwaro. Arzika ya haƙo wata mace da ƙasarta, ya zuba a tsohuwar tukunya, ya ajiye a gindin randa saboda laima, ya raɗa mata suna Uwani. In ya taso daga mahauta sai ya kamo mata gyare, ya tsuguna ya ga murfi ya ɗaga, ta cafke, murfi ya koma. Iyakar zumuncin ke nan, kuma ya ishe shi shekara da shekaru.

Irin wannan gizo-gizo yana saɓa kamar maciji. In lokaci ya yi sai ya liƙe murfinsa, ya daina ci, ya kwanta rigingine ya zare jiki daga tsohuwar fata. Laima yake so, kuma kada a taɓa shi. Arzika ya san haka sarai, don Uwani ta sha yi a hannunsa.

Wata bazara randar ta tsage, ya yi ta jan ƙafa wajen sake wata, ƙasar tukunya ta bushe ƙamas. Uwani ta liƙe rami, shiru-shiru ba ta buɗe ba. Haƙurinsa ya ƙare, ya sa cokali ya tone. Ya same ta rigingine, rabin ƙafafunta sun fito farare lugwi-lugwi, sauran sun maƙale a busasshiyar fata. Ya yayyafa ruwa a gefe. Da ya bar ta a ɗaki, ƙila da ta sha. Amma ranar kasuwa ce, ya kasa tafiya ya bar ta, sai ya rufa wa tukunyar tsumma ya ɗauke ta zuwa mahauta.

Akwai wani mahauci, Yari, da ya daɗe yana jin zafin yadda masu fata ke wuce rumfarsa. Shi ya yaye tsumman, ya kira jama'a su zo su ga amaryar Arzika ta kasa tuɓe riga. Aka yi cincirindo ana dariya. Arzika ya roƙa a matsa, ya ce da kanta za ta fito.

"Haba Malam Arzika," in ji Yari. "Kai da ke feɗe bijimi ba huji, rigar ƙwaro ta gagare ka? Ashe hannun nan yabon banza muke yi mai."

Kun san mahauci da hannunsa. Kuma shi Arzika, tun tasowarsa, fatar da ta maƙale da kaifi ake raba ta da nama. Ya ari reza wajen wanzami, ya kama tsohuwar fatar da hagu, ya bi da dama, yadda ubansa ya koya masa. Ƙafar ta biyo fatar. Wani ruwa ya tsatso daga gurbin.

"Ga cinya ta samu," in ji Yari. "Wa ke so a gasa mai?"

Nan ya kamata Arzika ya tsaya. Amma a mahauta barin fiɗa rabi abin kunya ne, ga kuma idanu a kansa. Ya ci gaba, wata ƙafar ta sake fita, da wata. Uwani ta naɗe ragowar a ciki, ta daina motsi. Yari ya ɗauke ta da tsinken tsire ya wurga wa kajin da ke kiwo a bakin kwata, suka yi wasoso a kanta. Arzika ya mayar wa wanzami rezarsa.

Daga ranar hannunsa ya soma kuskure in ya ɗora wuƙa a fata. Huji nan, huji can, masu Gusau suka koma rumfar Yari. Sarkin fawa ya yi masa uzuri har damina ta wuce, sannan ya mayar da shi wankin kayan ciki, aikin da ake ba sababbin shiga. 'Yarsa ta zo daga Tsafe ta roƙe shi ya bi ta, ya ce bai san wata sana'a ba.

A bakin kwatar ya ƙare ƙarfinsa. Kowace safiya Yari da kansa ke kawo masa daron tumbi da hanji, ya dire a gabansa ya ce, "A hankali dai, ango, kada ka yaga."