Furar da Ta Hana Jikana Shiga Fage a Sakkwato

Shekarar da anka ce Turawa sun miƙa mulki ina amarya a Fakku ta ƙasar Kebbe, ko tuwon gayya ban iya tuƙawa ba. Shekarar da anka yanka Arewa jiha-jiha kuwa ina goye da ɗana na uku, uban yaron da zan ba ku labarinsa. A tsakanin nan ne marigayi maigidana ya yi tashen kokawa. Tun daga Kebbe har Dogon Daji mutum guda ne ya taɓa kai bayansa ƙasa, shi ma an yi ruwa ne, fage ya yi santsi. Duk ƙarfin nan daga ƙwaryata ya fito. A gidanmu ɗan kokawa ba ya fita sai ya sha furar gida a tsaye bakin zaure, daga hannun matar gida. Na faɗa muku wanga ne don ku san ni ba baƙuwa ba ce a sha'anin maza masu kama juna. Amma tafiyar da na yi Sakkwato a bazarar nan, har yau ban gane kanta ba.

Jikana yana wata kokawar zamani da suke kira judo. Anka ce za a yi gasa a Sakkwato, wanda ya ci shi za a ɗauka ya wakilci jiha, har a riƙa ba shi ɗan abin hannu. Na yi murna. Na sa anka auno gero, na aika rugga a ajiye mini kindirmo. Sai uwarsa ta shigo ɗakina tana share ido, wai yaro ya daina cin abinci. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Ruwa sai ya kurkure baki ya zubar. Da tsakar rana kuma ya naɗe jikinsa da leda, ya ɗora riguna a kai, ya kama gudu a bayan gari.

Na sa anka kira shi. Da ya durƙusa na ga ƙasusuwan wuyansa duk a waje.

Na ce, "Angona, wace ce ta fi ni iya girki har ka ƙaurace wa tukunyata?"

Ya yi dariya, leɓe duk a tsage. Ya ce, "Amarya, ba kowa. Nauyi nika ragewa. Akwai iyakar da in na wuce ta ba za a bar ni in yi wasa ba. Ki bari a yi awo, in cinye ki ke da tukunyar."

Na ce, "Ɗan kokawa ya rage nauyi? To da mi zai danne mutum?"

Ya yi bayani, ya yi bayani, ni dai ban ji abin kamawa ba. Na ce ai shi ke nan, ƙafata ƙafarsa.

Mun tashi da asuba daga Kebbe. Na dama furata tun kafin kiran salla, na fito da ludayi bakin zaure yadda na saba tun ina yarinya, na miƙa wa jikana. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Ba a taɓa maido mini da ludayi a bakin zauren nan ba. Na juye furar a babbar robar nan mai murfi, na jefa ludayin ciki, na naɗe ta da jiƙaƙƙen zane, na rungume abina.

Hanyar Kebbe zuwa Tambuwal kun san ta. Inda kwalta take sai a gode Allah, inda ta ƙare sai a kama kujera. Gonaki duk an share an tara taki ana jiran ruwa. Kuɗin da yaron mota ya faɗa, a zamaninmu da su ana sayen tunkiya har da ɗanta, na faɗa masa haka, ya ce in kawo tunkiyar ya karɓa.

A tashar Tambuwal munka canza mota, nan abokan wasansa biyu sunka same mu. Rana ta fara cizo, amma ukunsu kowa cikin rigar sanyi mai hula, in sun motsa leda na ƙara a ciki kamar ɓera a rumbu. Kowa da gorar roba a hannu. Na ɗauka ruwa ne. Ashe cingam suke taunawa suna tofa yawu a ciki. Wata mata da ke kusa da ni ta ja mayafinta ta toshe hanci, ta ce mini, "Inna, asibiti za ki kai su?" Na ce mata 'yan kokawa ne. Ta dube su, ta dube ni, ta matsa can.

Tashar kuwa ba abin da babu. Ga waina ana juyawa, ga ƙosai, ga mangwaro tuli-tuli har ƙudan zuma na bi. Na sayi waina na ci a gabansu da gangan, ina lasar yatsa. Idanunsu sunka bi hannuna daga leda zuwa baki, amma ba wanda ya miƙo hannu.

Da mota ta tashi na kama su da tambaya. Na san 'yan kokawa da laƙani. Maigidana ba ya cin kuɓewa ana gobe wasa, wai tana sa jiki santsi. Na ce wane malami ne ya ba su wanga laƙani mai tsanani, wanda ya fi azumi, tunda azumi ana buɗe baki?

Ɗaya daga abokan nasa ya ce, "Ba malami ba ne, Inna. Sikeli ne."

Sikeli na san shi. Zamanin da ake sayen gyaɗa da auduga na sha tsayawa a gindinsa. Amma duk wanda na taɓa gani a gaban sikeli addu'a yake kayansa su yi nauyi. Har akwai masu yayyafa wa auduga ruwa, Allah ya yafe musu. Ban taɓa ganin mai kaya na roƙon kayansa su yi sauƙi ba. Sunka ce wai ana raba mutane ne aji-aji, mai nauyi da mai nauyi, marar nauyi da marar nauyi, kuma in ka matse kanka ka faɗa ajin ƙasa sai ka fi su ƙarfi. Na ce, "To su na ajin ƙasan ba su matse kansu ba?" Sunka ce kowa na yi. Na ce, "In kowa na yi, wa anka cuta?" Sunka dubi juna, sunka ci gaba da tofa yawu.

A Dogon Daji direba ya tsaya ɗaukar buhunan albasa. Zafi ya kai inda kwalta ke walƙiya. Jikana ya ce bari ya sauka ya miƙe ƙafa. Ina kallonsa ta taga. Ya dafa jikin mota, ya yi taku kaɗan, sai gwiwoyinsa sunka lanƙwashe, ya zube gefen hanya.

Ban san yadda na fito daga motar nan ba, ni da sai an kama ni nake sauka. Na same shi ido ya juye, jiki zafi rau, kuma ba gumi ko ɗigo. Na ce a cire masa rigunan nan. Direba ya sa wuƙa ya farke ledar. Mutane sunka taru, wani na fifita da kwali, wani na yayyafa masa ruwa. Na tallabo kansa a cinyata, na buɗe robata.

Abokansa sunka ɗaga murya tare. "Inna, kar ki ba shi! Wallahi zai wuce kilo!"

Na ce, "Ku matsa mini, 'ya'yan banza. In ya mutu, a kan sikelin za ku yi masa salla?"

Na ɗiga masa a leɓe. Ya motsa baki. Na ƙara. Can sai ya kama ludayin da hannu biyu kamar jariri, yana sha yana nishi, ido a rufe. Na cika, ya shanye, na sake cikawa. Ban ƙirga ba, kuma ko yau aka maido ni wurin ba zan ƙirga ba.

Da ya dawo hayyacinsa ya ga ludayi, ya ga farin fura a ƙirjinsa. Ya ce, "Inna, mi kinka yi mini?" Ba amarya, ba dariya. Daga nan har Boɗinga, har munka shiga Sakkwato, fuskarsa na taga.

Sakkwato ta canza mini. Rabona da ita tun ana hawa babbar mota a zauna kan buhu. Yanzu babura da kekuna masu ƙafa uku kamar tururuwa, kowa na danna oda. Munka wuce kai tsaye wani babban ɗaki da ake wasanni. Da la'asar anka fara awo. Mata ba sa shiga, don samarin daga su sai gajeren wando, sai na zauna a inuwa kusa da wata mai zoɓo ina hango ƙofa. Ana kiran suna, mutum ya shiga, ya fito ko da tsalle ko da kai a ƙasa. Abokansa sunka fito da tsalle. Shi ya fito da kai a ƙasa.

Anka ce ya haura da kaɗan, an ba shi ɗan lokaci ya sake gwadawa. Abin da na gani daga nan ba zan manta ba. Ya nemo wata ledar ya naɗa, yaron da ya suma da hantsi, ya kama zagaye fili. Ya dawo ya zauna gaban wanzami anka aske masa kai ƙwal, wai gashi ma nauyi ne. Na tashi zan kama shi, mai zoɓo ta riƙe mini zane ta ce haka suke yi duk shekara.

Malaminsu, wanda suke ce wa koci, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Mutum ne mai ladabi. Ya ce shi tun da daɗewa ya ce wa yaron ya rage a hankali, ko ya haƙura ya hau ajin sama, don ƙashinsa ya yi girma, amma yara ba sa ji, sai gasa ta matso su kashe kansu da ƙishirwa. Na ce ƙashin kakansa ne, ba a rage shi da leda. Na ce kuma, "Kai da ka san haka, mi ya hana ka zuwa Kebbe ka faɗa mini?" Ya ce a yi haƙuri.

Anka sake kiran jikana. Ya shiga. Ya fito. Anka soke sunansa.

Ina zaune rungume da robata, sai ga abokan nan nasa biyu sun durƙusa gabana. "Inna, da sauran furar nan?" Na ce wace fura, wadda kunka ce kar a sha? Sunka ce ai an gama awo, yanzu so ake su ci su cika kafin gobe. Na dubi fili, ga samari ko'ina sun baje, wanga na tura shinkafa, wancan na kwankwaɗar lemo, wani ya ci har ya koma bayan bango yana amai. Kafin in rufe baki an kira wasu, robata ta zagaya hannu-hannu, har murfin sunka lashe. Abin da yake guba da hantsi ya zama magani da la'asar. To nauyin da anka auna na wa ne, tunda gobe ba da shi za su shiga ba? Na tambayi koci, ya yi dariya ya ce tambayar tawa babba ce. Ya juya wajen yaransa.

Munka kwana gidan wata 'yar ƙanwata. Washegari na ce sai na ga wasan da anka yi wa wanga wahala. Babu ganga, babu kirari. Fararen kaya masu kauri da ɗamara, a rusuna wa juna kamar surukai, sannan a kama kwalar riga. Amma in faɗi gaskiya akwai gwaninta, na ga ɗan ƙaramin yaro ya juya wani a iska ya shimfiɗe shi. Ɗaya daga abokan jikana ya ci wasa biyu. Ɗayan kuwa ƙafafunsa rawa suke, kafin in gyara zama an kada shi.

Jikana na gefena, ya rungume hannu. Da anka ɗaga hannun wanda ya cinye ajinsu, ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Wancan na sha kada shi." Na ce na sani. Ban sani ba, amma na ga kafaɗun yaron, na ga na jikana.

Mun dawo Kebbe bayan azahar. Uwarsa ta ji labari ta rungume ni tana kuka, ubansa ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Jikana dai bai ce na yi daidai ba, ni kuma ban ba shi haƙuri ba, don ban ga na mi ba. Shekara guda ta tafi masa, na san da zafi. Yanzu wai ajin sama zai hau, kuma wai a can ya yi sauƙi da yawa, sai ya ƙara nauyi. Yana zuwa ya ci abincina, ya ce an gode, Inna, ya tashi. Amaryar ce dai bai maido mini ba tukuna. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne yaran yanzu ba ragwaye ba ne kamar yadda muke cewa. Maigidana da duk ƙarfinsa ba zai iya wuni guda cikin ledar nan ba. Amfanin abin ne na nema ban gani ba.

Cikin waɗanda sunka ga kokawar wancan zamani, mu uku munka rage. Ni, sai Ige da ke Tambuwal wajen ɗanta, ba ta ji sai an yi ihu, sai Ɗan Tani makaɗi a Fakku, ido ya tafi amma hankali garau. Na je na ba shi labarin nan tun daga zaure har Sakkwato. Ya saurara, ya ce, "To wa ya kada yaron?" Na ce ba kowa, ko taɓa shi ba a yi ba. Ya ce in sake faɗa masa daga farko. Na sake. Har na taso bai gane ba, ni ma da na je na gani da idona haka.