Dabinon da Ba Ma Ci

Ni fa a Kazaure kowa ya san ni da baki. Ka zo bakin tasha ka ce ina Ɗanlami mai gyaran waya, za a nuna maka wata rumfa inda dariya ta fi aiki yawa. Boko kam mun gaisa da shi, muka rabu a aji uku ba faɗa ba gaba. Amma akwai wani karatu da na yi ba allo ba biro, a gindin murhun kakata Iya Dije a Gwiwa. Shi ne ya tare ni a hanya bara, kuma har yau bai sake ni ba.

Lokacin ɗari, in an yi isha'i an ci tuwo, Iya ba ta bari wuta ta mutu. Sai ta ƙara kara, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu zagaye ta kamar 'yan tsaki. Ni take ce wa mijinta, mijin da ba ya cefane. Ni kuma in ce mata amaryar da haƙora suka yi wa yaji.

"Matso nan, maigida," in ji ta, "ka tare mini iska, tunda ba wani amfanin da kake yi mini."

Tatsuniya kam tana da su buhu-buhu. Ta kura, ta 'yar sarki mai girman kai, ta dodon da ke zaune a rijiya. Duk wadda ta yi, sai ta rufe da ƙurunƙus, ta kore mu mu kwanta. Amma akwai ɗaya da ba ta taɓa ta sai gyaɗa ta ƙare, wuta ta koma garwashi. Ita wannan ba a buɗe ta da kirarin da aka saba. Sai dai Iya ta gyara zaninta ta ce, "Ku yi shiru, wannan ba ta son hayaniya."

Wai a zamanin da, an kawo wata mata daga nesa, aka ajiye ta a rinjin wani babban mutum a bakin kogi. Rinji, wato gonar da bayi ke zaune a ciki suna nomawa. Ba wanda ya iya faɗin sunanta na gaskiya, sai ake ce mata Baƙuwa. Maigidan ya sa an dasa 'ya'yan dabino a jere, aikin Baƙuwa kuwa shi ne ban ruwa. Daga kogi zuwa gindin dabino, tulu a ka, goyo a baya, ɗanta namiji yana riƙe da gefen zaninta. Haka har dabino ya fi ta tsayi, har ya fi ɗaki.

Shekarar da ya fara 'ya'ya, sarkin gandu, mai kula da bayin, ya yi shela cewa na maigida ne, ko wanda iska ta kayar kada bawa ya taɓa. Ran nan ɗaya ya faɗo a gaban yaron. Yaro kuwa ya ɗauka ya jefa a baki. Da aka ce buɗe bakinka, sai ga ƙwallo a kan harshe. Kasuwa tana zagayowa aka haɗa shi da masu raƙuma, suka yi arewa da shi.

Baƙuwa ba ta yi kururuwa ba. Washegari ta ɗauki tulunta kamar kullum. Amma ta dafa kan 'yar da ke bayanta ta ce, jinina ba zai ci dabinon nan ba sai ɗana ya dawo mun ci tare.

Nan Iya take tsayawa. Mu kuma mu yi ta zungurinta.

"To ya dawo, Iya?"

"Ana jira."

"Ki ce ƙurunƙus mana!"

"Ba ta ƙare ba, me zan ce? Tashi ka kwanta, mijin banza."

Ni a lokacin haushi nake ji. Wace irin tatsuniya ce ba aljani, ba wanda ya ci riba, ba wanda aka jefa a rijiya? Na sha ce mata tsufa ne ya sa ta manta ƙarshen.

Akwai wani hali nata kuma da muke yi wa dariya. In azumi ya zo, mai dabino ya shigo gida da faranti, sai ta tambaya, "Na ina ne?" In ya ce na bakin kogi ne, sabon yanka, ko kyauta ba ta karɓa. Sai wanda aka shigo da shi ta Babura, busasshen nan na Nijar mai karya haƙori, ita da ba haƙorin. Ta jiƙa shi a ruwa tun la'asar. Na ce, "Amarya, son kayan waje zai kashe ki." Ta ce, "Na arewa halal ɗinmu ne. Wa ya sani ko jikokinsa ne suka shuka?" Ban tambaye ta jikokin wa ba. Hankalina yana kan kunu.

A gidanmu haka muka tashi. Babata ba ta cin na bakin kogi, kawunnaina ba sa ci, ni ma ba na ci. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga dalili. Ka san yadda abu ke zama a gida kamar turmi, kana kewaye shi kullum ba ka tambayar wa ya sassaƙa.

Iya ta rasu, na dawo Kazaure, na kama neman wata yarinya mai suna Sa'a. Magana ta yi nisa, har kawuna ya je gaisuwa, gidansu sun ce za su yi bincike kamar yadda aka saba. Ni ban damu ba. Ba na shaye-shaye, ba na sata, bakina ne kawai ba birki.

Sai ƙungiyar matasan unguwarmu ta shirya yawon buɗe ido, wai a je a ga tsofaffin gonakin tarihi a bakin kogi can bayan Roni, a yini a dawo. Yayan Sa'a, Nura, shi ne uban tafiyar, kuma ya yarda ta zo tare da ƙawayenta. Ni da tarihi ko a hanya ba ma gaisawa, amma tunda Sa'a za ta, ko kallon bola za a je da ni.

Bazara ce, rana kamar ta yi magana. Bas ɗin da aka ɗauko sai an tura take tashi, mun tura ta har mun gaji da zagin direba. Ni ne a kujerar baya ina raba gurasa ina tsokanar kowa. Da muka isa, tsakar rana ta yi, rigar kowa ta manne a jiki.

Mai yi mana jagora wani dattijo ne ɗan garin, Malam Garba, da sandarsa da hular kaba. Mutumin kirki, ba ya sauri. Ya nuna mana kufan katanga, da tsohuwar rijiya, da inda rumbuna suke a da. Ya ce nan gidan maigidan rinjin yake, can ƙasa kuma bukkokin masu aiki, yanzu ba komai wurin sai tumfafiya. 'Yan mata suna ta ɗaukar hoto a jikin katanga. Ni kuma ina bayansa ina kwaikwayon tafiyarsa.

Sai muka gangara wajen kogi, na ga dabino a jere. Dogaye, tsofaffi, wasu sun karkace. Daga gindinsu wata 'yar hanya ta sauka zuwa ruwa. Ban san me ya sa ba, sai na daina kwaikwayon dattijon.

Malam Garba ya sa aka kawo ƙwarya cike da sabon yanka, ya ce kowa ya ɗiba, baƙo ba ya barin nan bai ɗanɗana ba. Yana miƙawa yana bayani.

"Bayi ne suka raine su da tulu, tun daga dashe. Kuma akwai zuriyar wata baiwa da har gobe ba sa cin dabinon nan, rantsuwa ce ta kakarsu. Suna nan warwatse, wasu Gwiwa, wasu birni."

Nura ya kwashe da dariya. "Kai, Baba, ka ba mu sa'a! Yau za mu gane bayin da ke cikinmu. Kowa ya ci a gabana!"

Aka yi ta shewa, kowa yana tauna yana nuna ƙwallo. Sa'a ta zaɓo wani mai laushi, ta miƙo mini a tafin hannunta, tana murmushi.

"Ungo, sarkin surutu, ko bakinka ya huta."

Wallahi a tsaye nake amma sai na ji ƙamshin gyaɗa a toka. Ashe ba tsufa ne ya sa Iya ta manta ƙarshen ba. Ashe 'yar da ke goye a bayan Baƙuwa tana da jikoki, kuma ɗaya daga cikinsu yana tsaye nan da tabon gurasa a riga.

Na nemi ƙarya. Ni da ƙarya ke zuwa mini kafin in kira ta. In ce azumi nake, kowa ya gan ni da gurasa. In ce haƙori, ɗazu na fasa rake da shi. Kuma abin ba wuya, tauna ɗaya ce, in haɗiye, a wuce wurin, a ɗaura aure bayan salla. Iya tana ƙasa, ba za ta gani ba. Hannuna har ya ɗaga. Sai na ji bakina ya ce, "Ba ma ci."

Aka fashe da dariya. Nura har da dukan cinya. "Shegen kaya! Ɗanlami ba ka da dama!" Ka ga amfanin zama ɗan wasa, ko gaskiya ka faɗa sai a tafa maka. Da an bar ni haka, da na tsira.

Amma Malam Garba bai yi dariya ba. Ya dube ni da kyau ya ce, "Yaro, kai na gidan wa ne?"

"Jikan Dije ne, Baba. Ta Gwiwa."

Ya sauke ƙwaryar a hankali, ya cire hularsa. "Allah ya jiƙan Dije. Ta zo nan sau ɗaya da ƙuruciyarta, ta tsaya a kan hanyar can, ko zama ba ta yi ba."

Nura ya tofar da ƙwallon bakinsa, ya kama duba waya. Sa'a ta rufe tafin hannunta.

A hanyar dawowa bas ta sake mutuwa, muka tura, ba wanda ya zagi direba. Ni ne dai a kujerar baya, amma kujerar kusa da ni babu kowa.

Bayan kwana kaɗan kawuna ya koma gidansu Sa'a. Aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi ruwa, aka ce ana shawara, a bari sai bayan girbi. Girbi ya zo ya wuce. Nura in ya gan ni yana ɗaga hannu daga nesa, wayarsa kuma wani yake kai wa gyara. Limamin unguwa ya ce hana aure saboda asali ba addini ba ne, duk 'yan Adam ne, kowa ya ce gaskiya ne Malam, aka tashi aka bar maganar inda take.

Wani lokacin in na rufe rumfa na zauna, haushin Iya nake ji. Ki ɗora wa yaro kaya a ka, ki ce masa tatsuniya ce. Yaron da aka tafi da shi ya zama ƙasa tun kafin a haifi uban kakana, wa zai dawo? Na gaji da jiran mutumin da ban sani ba. Amma in na tuna 'yar hanyar nan da ta sauka zuwa ruwa, sai in ga a duk wurin, da katangar da rijiyar da jawabin tarihi, ba inda aka ajiye wannan yaro. Sai a bakinmu, mu da ba ma ci. In na tauna, shi ke nan an gama sayar da shi.

Da azumin nan, ana dab da shan ruwa, ina kan wata waya da ta faɗa kunu, sai na ga inuwa a bakin rumfa. Sa'a ce. Ba ta shigo ba, ba ta zauna ba. Ta ajiye ƙullin leda a kan tebur, busasshen dabino ne mai karya haƙori.

"Na arewa ne," ta ce. "Na tambaya."

Na jawo ledar gabana. Na ce, "Gidanku fa?"

Ta gyara mayafinta, ta dubi titi.

"Ana jira," in ji ta.